Kwabon Kaka a Kan Sikana: Yadda Za Mu Ɗauki Hoton Tsofaffin Sulalla

A wannan mako za mu tattauna ne a kan wani abu da da wuya a rasa shi a tsofaffin gidajen ƙasar Zuru, amma ba kowa ya damu da shi ba, wato tsofaffin kuɗin ƙarfe. Anini, ɗari, kwabo mai huji, taro, sisi, sule. Suna nan kwance a ƙasan adaka, ko cikin tsohon gwangwani, ko a ƙulle cikin tsumma a ɗakin kaka. Sunayensu ma ba su bar bakinmu ba, don har yau muna cewa wane ba shi da ko sisi, ko kuma ba zan ba ka ko anini ba, alhali da yawanmu ba mu taɓa ganin sisin ko aninin da ido ba.

Abin damuwa shi ne kuɗin nan suna ƙarewa. Wasu na tafiya a buhun 'yan gwangwan tare da tsofaffin tukwane, wasu a narkar da su a yi zobe. Iyalai da dama daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba da rashin tsaro ya tayar sun baro gidajensu a gaggauce, kuma wanda ke gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar gwangwanin kwabbai. Ga shi kuma tsofaffin da suka kashe kuɗin nan a kasuwa, suka san abin da sisi ke saya, suna ta raguwa. Ba za mu iya tsare kowane kwabo ba, amma za mu iya ɗaukar hotonsa tangaram, mu rubuta labarinsa, da na'urar da ke shagon kwamfutar da ake yi mana rajistar jarrabawa. Sunanta sikana.

Me ke jikin kuɗin nan?

Kafin zuwan Turawa, wuri ne kuɗin kasuwannin ƙasar Hausa da maƙwabtanta, kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce. A shekarar 1907 aka fara buga anini da kwabo masu huji a tsakiya domin wannan yanki namu. Aninin farko da gorar ruwa aka yi shi, yana kuma cikin kuɗin gorar ruwa na farko a duniya, sai dai tun a 1908 aka sauya shi da ƙarfe mai ƙwari. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ɗaya ga ƙasashe huɗu da Ingila ke mulka a Afirka ta Yamma: Najeriya, da Gana ta yanzu, da Saliyo, da Gambiya. Lissafin shi ne, anini 10 kwabo 1, kwabo 12 sule 1, sule 20 fam 1. Ke nan anini 2,400 ke yin fam guda.

Idan ka duba kwabon wancan zamani za ka ga tauraro mai tsini shida a baya, a gaba kuma kambi da sunan sarkin Ingila da rubutun Larabci mai faɗin darajar kuɗin. Akwai ma na 1936 masu ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a watan Disamba na shekarar, bai ko cika shekara a kan karaga ba. A Ingila kanta kuɗi mai sunansa bai shiga hannun jama'a ba, amma ya shiga kasuwanninmu, domin kwabo mai huji ba ya buƙatar hoton fuska, suna kawai ake bugawa.

A 1959 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki, ya fitar da kuɗin ƙasa na kanmu: taro mai kusurwa 12 da hoton auduga, sisi da hoton koko, sule da hoton kwakwar manja. Ranar 1 ga Janairu, 1973 Naira ta karɓi fam, Naira 2 a madadin fam 1, sule ya koma kwabo 10. Sabon kwabo 1 ya zo da hoton rijiyar man fetur, kwabo 25 kuma da gyaɗa. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, aka fitar da kwandalar Naira 1 mai hoton Herbert Macaulay, sannan a 2007 aka fitar da ta Naira 2 mai ƙarfe launi biyu. Ka jera waɗannan a kan tebur, za ka ga darasin tattalin arzikin ƙasar nan, daga auduga da gyaɗa zuwa fetur, ba tare da ka buɗe littafi ba.

Mu a Zuru muna da ƙari a kan haka. An san ƙasarmu da aikin soja tun zamanin Turawa, kuma Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun bi ta Indiya sun yi yaƙi a Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya sojojin Najeriya sun je Kwango, da Lebanon, da Laberiya, da Saliyo. Don haka kada ka yi mamaki in ka tarar da kuɗin wata ƙasa mai nisa, ko lambar yabo ta ƙarfe, cikin akwatin kakanka. Su ma duk abin da za mu faɗa a ƙasa ya shafe su.

Me ya sa sikana, ga waya a hannu?

Waya na ɗaukar hoto mai kyau, amma ƙaramin abu kamar anini yana ba ta wahala. Hannu na rawa, inuwar wayar na faɗawa kan kwabon, in kuma an ɗan karkace sai abin da yake da'ira ya fito kamar ƙwai. Sikana kuwa ba ta rawa, da haskenta take tafe, kuma tana fitar da abu a kan ma'auninsa na gaskiya. Kwabo goma da aka ɗauka da saiti ɗaya za a iya jera hotunansu a gane babba da ƙarami.

Sikana mai shimfiɗaɗɗen gilashi iri biyu ce. Akwai siririya marar nauyi, wadda sau da yawa wayar da ta haɗa ta da kwamfuta ce ke ba ta wuta, irin su Canon LiDE, ana kiran tsarinta CIS. Yawancin firintocin da ke haɗe da sikana ma wannan tsari gare su. Irin wannan ba ta gani sosai sai abin da ya manne da gilashi. Akwai kuma mai kauri, irin su Epson Perfection V600, mai tsarin CCD, wadda ke da madubai a ciki, tana kuma iya ganin abin da ya ɗan ɗaga daga gilashin. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin kwabo ba takarda ba ne. Bakinsa ya fi tsakiyarsa tudu, saboda haka bakin ne ke taɓa gilashi, zanen kuma yana ɗan sama. In ka sami mai kaurin, ita ce gaba. In siririyar ce kaɗai a unguwarku, kada ka fasa, tsohon kwabo da ya sha hannu ya lafe yakan fito da kyau a kanta.

Kafin ka bar gida

Da farko nemi izini. Kuɗin nan ba naka ba ne, kuma wani kwabon da kake gani ba komai ba, wata tsohuwa na ajiye da shi ne don tunawa da mijinta. Faɗa mata abin da za ka yi, ku ƙirga tare, ka mayar mata a ranar.

Na biyu, kuma wannan ya fi komai muhimmanci: kada ka wanke. Kada ka sa toka, ko yashi, ko ruwan tsamiya, ko lemon tsami, ko soson ƙarfe. Duhun nan da ke jikin tsohon tagulla ba datti ba ne, wata fata ce da ƙarfen ya yi cikin shekaru masu yawa. Ruwa mai tsami yana cinye ta, yashi kuma yana kankare ƙananan rubutun da muke son gani. Masu tara tsofaffin kuɗi a duniya sukan rage wa kwabon da aka goge daraja ƙwarai, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. In akwai ƙura, kaɗe ta a hankali da tsumma mai laushi, shi ke nan.

Na uku, riƙe kwabo ta gefensa da yatsu biyu, domin gumin hannu yana bar masa tabo. Naɗe kowanne a takardarsa daban, ka rubuta lamba a jiki: 1, 2, 3. Tafi da rula, da baƙar takarda ko baƙin ƙyalle marar gashi, da filashi ko wayar da za a tura maka.

A gaban sikana

Mai shago zai iya yin ɗari-ɗari, kuma yana da gaskiya, don ƙarfe na iya karce masa gilashi. Nuna masa cewa ka san abin da kake yi. A goge gilashin da ƙyalle mai laushi, musamman lokacin hunturu, domin a hoton da aka ƙara wa girma ƙwayar ƙura ɗaya kamar tsakuwa take fitowa. Ajiye kwabon a hankali, kada ka sake shi daga sama, kada kuma ka ja shi a kan gilashi. In za ka gyara masa zama, ɗaga shi gaba ɗaya ka sake ajiyewa. In mai shagon bai natsu ba, a shimfiɗa farar ledar nan mai ƙarfi da ake sa wa bangon takardun da aka ɗinke, sai dai hoton zai ɗan rage fita.

Ajiye rular a gefen kwabon yadda lambobinta za su fito a hoto. Sannan ka rufe su da baƙar takardar. Dalili shi ne cikin murfin sikana fari ne, idan na'urar ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske, kwabon ya fito baƙi ƙirin. Baƙin bango yana hana haka, kuma yana sa hujin tsakiya ya fito sarai. Kada a danna murfin da ƙarfi.

Daga nan a nemi cikakken saiti a manhajar, ba saitin da ake ɗaukar takardar shaida da shi ba. A zaɓi hoto mai launi ko da kwabon fari ne. A kashe duk gyaran da na'urar ke yi da kanta, kamar ƙara kaifi da share ƙura, don takan ɗauki ƙananan alamun jikin kwabo a matsayin datti ta goge su. A fara yin gwajin leƙe, sannan a zana ɗan akwati kewaye da kwabon da rular kawai.

Ɗan lissafi kaɗan

Sikana na haɗa hoto ne da ɗigo-ɗigo, kuma ma'aunin da za ka gani an rubuta dpi yana nufin yawan ɗigo a kowane inci. Inci 1 milimita 25.4 ne. Tsohon kwabo mai huji faɗinsa wajen milimita 30 ne, kusan inci 1.2 ke nan. In aka ɗauke shi a 300, wanda shi ne saitin takarda da aka saba, faɗinsa zai zama ɗigo 360 kacal, da ka buɗa hoton sai ya tarwatse. A 600 zai ba da 720. A 1,200 zai ba da 1,440, kuma a nan ne ƙananan haruffa ke fara bayyana. Shawararmu ita ce 1,200 ga manyan sulalla, 2,400 ga ƙanana irin anini idan na'urar na iyawa. Wasu manhajoji na nuna lambobi manya-manya fiye da ƙarfin idon na'urar. Wannan cikon banza ne, kwamfuta ce ke ƙirƙirar ɗigon da ba ta gani ba.

Ga kuma dalilin zana akwatin da muka ce. Idan aka ɗauki gilashin gaba ɗaya, girman takardar A4, a 1,200, fayil ɗin zai haura megabait 400, kwamfutar shagon ta tsaya cik, na bayanka a layi su fara tsaki. Akwati mai inci ɗaya da rabi kowane gefe kuwa wajen megabait 10 ne kawai.

Sirrin haske

Fitilar sikana ba ta haska abu kai tsaye, ta gefe ɗaya take hasko shi yayin da take tafiya. Wannan ne ke sa rubutu mai tudu ya yi inuwa har a iya karanta shi. Sai dai layin da ya bi hanyar hasken ba ya yin inuwa, sai ya ɓace. Don haka kada ka tsaya a ɗauka ɗaya. Ɗauki na farko, ɗaga kwabon ka juya shi kwata, ka sake ɗauka. Sau da yawa shekarar da ta ƙi karantuwa a hoton farko sai ta fito ɓaro-ɓaro a na biyu.

Wani lokaci kuma za ka ga kan sarauniya ya fito kamar rami maimakon tudu. Ba na'urar ce ta lalace ba. Idonmu ya saba da haske daga sama, kamar na rana, to in hasken ya fito daga ƙasan hoto sai ƙwaƙwalwa ta juya abin. Maganinsa, ajiye kwabon kansa na kallon ɗaya ɓangaren, ka ɗauka, sannan ka juya hoton a kwamfuta ya miƙe.

Kada ka manta kowane kwabo fuska biyu gare shi. Ɗauki gaba, ɗauki baya, da saiti ɗaya. Da ka buɗe hoton, nemi wasu ƙananan haruffa da ido ba ya saurin kamawa. Harafin H na nufin an buga kuɗin a masana'antar Heaton, KN kuma ta King's Norton, dukansu a Birmingham ta Ingila. Kwabbai biyu na shekara ɗaya kan bambanta da wannan ɗan harafi kawai.

Inda sikana ke gazawa

Kwandala sabuwa ful mai ƙyalli kamar madubi takan fito da duhu, domin tana mayar da hasken wani wuri daban, ba cikin idon na'urar ba. Haka kuma sikana ba ta ganin kaurin gefe, alhali wasu lambobin yabo a nan ake rubuta suna da lambar sojan da aka ba. A waɗannan wurare koma ga waya: ɗora ta a kan littattafai don kada ta motsa, kusa da taga, ba tare da kunna fitilarta ba. Sannan a kiyaye, maganarmu a kan tsofaffin sulalla ce. Kada wanda ya ɗora takardar Naira da ake kashewa a kan sikana ya buga ta, wannan hanya ce ta shiga hannun hukuma.

Adana hoton da labarinsa

Ajiye hoton asali a tsarin TIFF ko PNG, waɗanda ba sa zubar da komai, sannan ka yi kwafi na JPEG don rabawa. A adana kowanne da zarar an gama shi, kada a tara har a ɗauke wuta. In za a tura maka ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil, domin in aka tura a matsayin hoto manhajar na matse shi, wahalar da ka sha ta tafi a banza. Ba kowane fayil suna mai ma'ana, misali 03-kwabo-1952-gaba da 03-kwabo-1952-baya, ka kuma ajiye a wuri biyu.

Hoto kaɗai rabin aiki ne. Samu littafi, ka buɗe wa kowace lamba shafi: sunan kuɗin da Hausa, da abin da ake kiransa da C'lela ko harshen gidanku, shekararsa, faɗinsa, da wanda ya ajiye shi. Sannan ka zauna da mai shi ka tambaya. Kaka, me sisi ke saya a kasuwa lokacin kina yarinya? Baba, nawa ne haraji a lokacin, kuma ta yaya ake samo shi? Yaya aka yi da ku da aka canza fam zuwa Naira? Rubuta amsar yadda aka faɗe ta, da ranar da aka faɗa. Masana'anta ta buga kwabo iri ɗaya da miliyoyi, amma wannan amsa a gidanku kaɗai take. Bayan an gama, a mayar da kuɗin cikin ambulan takarda a wuri busasshe, ba cikin leda mai laushi ba, don wasu ledojin na sa tagulla ya yi kore.

Hattara da masu romon baka

Za ku riƙa ganin ana yaɗawa a Facebook cewa ana sayen kwabo mai huji miliyoyin Naira, ko wai akwai wani sinadari mai tsada a cikinsa. Yawancin kuɗin nan an buga su da yawan gaske, saboda haka a kasuwar masu tarawa kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, 'yan kaɗan ne ke da tsada. Shekarar da ke jiki ma ba kullum take faɗin gaskiyar tsufa ba. Dalar azurfa ta Maria Theresa, wadda fatake suka yi ciniki da ita a ƙasar Hausa, an ci gaba da buga ta shekara da shekaru da 1780 a jikinta. Duk wanda ya ce ka fara turo kuɗin rajista ko na gwaji kafin ya saya, ɗan damfara ne. Kada ka sa hoto tare da kwatancen gidanku, kada kuma ka bi baƙo wani wuri da kayan gida. Hoto mai kyau ma kariya ne, don da shi za ka iya tambayar malamin tarihi, ko ma'aikatan gidan tarihi irin na Kanta da ke Argungu, ba tare da kwabon ya bar hannunku ba.

Aikin wannan mako

Ku haɗu ku huɗu ko biyar a ajinku, kowa ya nemo sulalla uku da izinin masu su, ku yi karo-karo ku biya kuɗin sikana. In makarantarku na da ɗakin kwamfuta mai sikana, ku fara tuntuɓar malamin da ke kula da shi. Ku jera hotunan bisa shekara, ku sa labarin kowanne a ƙasansa, ku roƙi malamin tarihi ya ba ku gefen allon sanarwa. Ku buga kwafi ɗaya ku kai wa tsohon da ya ara muku, mai yiwuwa rabon da ya iya karanta rubutun jikin kwabonsa tun idonsa na da ƙarfi. Ku kuma aiko wa wannan fili da hoto mafi fita da mafi tsufan shekarar da kuka samu, tare da sunan makarantarku da ajinku. Muna jiran na Dabai, da Ribah, da Mahuta, da Dirin Daji, da cikin garin Zuru.

Sai mako mai zuwa, a yi karatu lafiya.